Hannun Baba a Takardar Kwana-kwana

Ummi, ke da ƙanenki Sadiku ba ku iya karatu ba tukuna, ke kina tauna fensir, shi yana cin ƙasa. Na sani. Na kuma san sai mutum ya yi furfura yake zama ya rubuta irin wannan, to ni ba ni da haƙurin jiran furfura, aikin da nake yi ma bai yi wa kowa alkawarinta ba. Abu guda nake so in gyara tun ina da baki. Idan kun girma za ku je biki Rawayya, ko suna a Tsafe, wata gwaggo za ta ja ku gefe ta ce uwarku ta shiga aikin kwana-kwana ba da yardar kakanku ba, wai ni na kwaikwayi sa hannunsa a takarda, wai da baƙin cikina ya kwanta dama. Ku gaishe ta da ladabi, in ta ba ku ƙuli ku karɓa, amma ba haka aka yi ba.

A bayan tsohon ofishin 'yan kwana-kwana na Gusau aka haife ni, a cikin 'yan ɗakunan da aka jera wa ma'aikata da iyalansu. Mutanen gari in sun ji sunan wurin gabansu ke faɗuwa, ni kuwa wurin ruwa ne da inuwa a gare ni. Akwai babbar ƙofar ƙarfe wadda a da ja ce, rana ta sha launinta har ta koma kamar bakin mai cin goro. Akwai wani dogon gini siriri inda ake rataye mesar ruwa bayan an dawo daga aiki, su yi ta ɗiga har la'asar. Akwai bokitan yashi jere a jikin bango, da wata tsohuwar mota da ta daina tashi tun kafin a haife ni, tana zaune a kan duwatsu, kajin Inna, kakarku, suna ƙwai a kujerar direba. Da tsakar rana a bazara, idan garin ya yi tsit kamar an kife shi da ƙwarya, sai in rarrafa ƙarƙashin motar da ke aiki in kwanta rigingine. Tankinta kullum cike yake, cikinsa yana gumi, sanyi na saukowa a fuskata. Akwai wani ɗigo guda da yake taruwa a bakin ƙarfe, ya yi ta kumbura, hasken ƙofa ya shiga cikinsa, in ga dukan ofishin a ciki a juye, da mutanensa ƙanana suna tafiya da kai. Sai ya faɗo mini a goshi. Nan nake barci, in yi mafarki motar ta sauka gulbi tana yawo a kan ruwa kamar kwalekwale, ni ina samanta, muna wuce Bungudu, mutane a gaɓa suna ɗaga mana hannu, babu inda ke cin wuta.

Mai gadin ƙofa wani tsoho ne, Baba Ɗanjimma. Ya yi aikin tun yana saurayi, ya gama, ya rasa inda zai je, aka bar masa benci da buta. Daga bakinsa na san wurin yana da jiya. Ya ce kafin a ga mota a garin, wani guntun ƙarfen dogo aka rataye a bishiya, shi ake bugawa idan wuta ta tashi, mutane su fito da amalanke da duro da bokitai. Ya ce rumbunan auduga na kusa da tashar jirgin ƙasa su suka koya wa Gusau tsoron wuta, domin auduga takan ci a cikinta kwana da kwanaki ba wanda ya sani, sai an ɗaga dila a tarar da ja kamar cikin kankana. Ban san nawa ne gaskiya a zancensa ba, don wani lokaci yakan ce shi ya buga ƙarfen, wani lokaci ya ce ubansa ne. Amma idan yana magana, idonsa a lumshe, sai in ga ginin yana raguwa, bango na komawa ƙasa, motoci na ɓacewa, har ya rage bishiya da ƙarfe da wasu mutane marasa takalmi suna gudu da ruwa a ka.

Kakanku, Malam Garba, shi ba ya ba da labari. Shi ke riƙe bakin mesa, wato shi ne na gaba idan an isa wurin gobara. A tsaye yake cin abinci. Takalmansa kullum suna bakin ƙofa sun fuskanci waje. Idan jiniya ta yi kuka, kafin Inna ta ce Allah ya tsare ya kai mota. Idan ya dawo yana warin hayaƙi, sai ya wanke hannu ya zauna ya ce in kawo littafina ya ga abin da aka koya mana. Ban taɓa neman abu ya hana ni ba. Shi ya sa abin da ya faru daga baya ya zo mini kamar mari.

Shekarar da na gama sakandare ita ce shekarar da ya ajiye aiki. Muka kwashe kaya muka koma Rawayya, gidan kakanni, ya koma gona kamar bai taɓa barinta ba. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Ƙauye ba laifi, amma sai in farka in ji shiru ya yi mini yawa, kunnena yana jiran jiniyar da ba za ta yi ba. Ana cikin haka, farkon damina, na shiga Gusau sayo wa Inna zare, na biya in gaida Baba Ɗanjimma. Shi ya gaya mini za a ɗauki sababbin ma'aikata, kuma wannan karon har da mata. Ban tsaya tunani ba, ban ma gama gaisuwa ba, na shiga na karɓi takarda. Na cike ta a kan gwiwata a cikin mota kafin mu kai Bungudu. Wuri guda ya rage a ƙasa, na sa hannun uba, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓa.

Na tarar da su a tsakar gida, Baba yana gyaran ƙotar fartanya, Inna tana tsince wake. Na ajiye takardar a gabansa da biro. Inna ta riga shi magana, ita 'yar Bilbis ce, bakinta ba ya jira.

"Kwana-kwana? Ke da ko tuwo kika aza sai ya ƙone, ke za ki kashe wa mutane wuta? Ki fara da tukunyata."

"Inna, ba da ke nake ba."

"Au, ba da ni kike ba? To ni na haife ki, ba mota ba."

Baba ya ɗauki takardar, ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, a hankali, leɓensa na motsi. Ya ninke ta yadda na kawo ta, ya miƙo mini.

"Ba ni sa hannu, Saratu."

"Don me?"

"Ba ni sawa."

"Baba, kai fa ka yi shi. Ko don ni mace ce?"

"Ɗauki takardarki, wake zai ɓata ta."

Kwana uku ina bin sa. Na yi magana, na yi kuka, na ƙi cin abinci rabin yini sannan yunwa ta kayar da ni. Na ce zan iya ɗaukar tsani, na ce na san sunan kowane ƙarfe a jikin motar, na ce na fi rabin mazan da ke can gudu, kuma gaskiya ce. Ba ya faɗa, ba ya bayani, sai dai ya dube ni kamar yana hango wani a bayana. Gaskiya ne na zauna da biro na gwada kwaikwayon sa hannunsa a bayan wani tsohon littafi, wata ƙanwarsa ta gan ni, kuma daga nan zancen gwaggonninku ya samo asali. Na gwada, ya yi kama sosai, na yaga na jefa a murhu. Ba tsoron Allah ne kawai ya hana ni ba, kada in yi muku ƙarya. So nake shi ya sa da hannunsa, yana kallona.

Ranar Talata na koma Gusau wurin Baba Ɗanjimma, na ce ya zo ya yi wa kakanku magana. Tsohon ya kau da kai yana kallon mesar da ke ɗiga.

"Ni ba ni zuwa, jikanya. Amma ki tambaye shi Tsafe."

"Me aka yi a Tsafe?"

"Na ce ki tambaye shi. Ni mai gadi ne."

Washegari da hantsi na bi kakanku gona. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, gero ya kai idon sawu, ko'ina sai tururi ke tashi a hankali kamar gonar tana numfashi. Na hango shi can tsakiya, shi kaɗai, farar rigarsa rataye a ƙirya. Na tsaya a kan kunya ban ko ce sannu da aiki ba.

"Baba, me aka yi a Tsafe?"

Fartanyar ta tsaya a sama. Ya sauke ta a hankali, ya taho gindin ƙiryar ya zauna, ya nuna mini ƙasa kusa da shi. Abin da ya gaya mini zan rubuta shi yadda ya faɗa, don Inna ma ba ta taɓa jin sa ba sai daga baya.

Ya ce ina goye a lokacin. Da rana tsaka aka kira su daga Tsafe, suka kama hanya da gudu. Gidan mai jego ne. An hura wutar ruwan wanka a bayan ɗaki, iska ta ɗauki tartsatsi ta kai wa zana, zana ta kai wa rumfa. Maigidan ya tafi cin kasuwa Bilbis. Kakar jaririn ta sure shi ta fita, matan maƙwabta sun kwashe 'ya'yansu sun yi nesa, ƙofar gida cike da maza, kowa na ihu, ba wanda ya wuce zaure. Baba ya ja mesa ya shiga zauren da gudu, ya kai ƙofar da ke shiga cikin gida.

"Sai na tsaya," in ji shi. "Ba wanda ya tsayar da ni. Ƙafata ce ta tsaya da kanta, yadda ta saba tun ina yaro. Na ce salamu alaikum. Saratu, wuta na ci, ni ina sallama."

Ya ce sai ya ji muryar mace daga bayan ɗakin, tana cewa kada a shigo, don Allah kada a shigo, zanenta ya ƙone a kan danga, ba ta da komai a jikinta. Ya sake sallama. Ya juya yana kiran a samo mace, a kawo zane. Wani ya ruga neman mace. Ya yi sallama ta uku. Dukan tsayuwar ba ta fi a karanta Fatiha sau uku ba, a cikinta rumfar ta rufta. Da ya shiga, rigarsa ya tuɓe ya rufa mata. Ta yi mako guda a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

"Ba wanda ya ce na yi laifi. Mijinta har ofis ya zo ya yi mini godiya, wai na kiyaye mutuncin gidansa. Ya kawo mini zabi biyu. Ke kin ci naman, kina ƙarama."

Amma kun san uwarku, ko za ku san ta. Maimakon in yi shiru in bar tsoho da hawayensa, sai na miƙe tsaye.

"To ai shi ke nan, Baba! Da akwai mace a motar nan da ta shiga kai tsaye. Abin da nake gaya maka ke nan!"

"Shi ya sa ba ni sa hannu."

"Ban gane ba."

"Zauna ki gane. Ranar da aka sa mace a mota, duk gidan da aka je ita za a tura ciki. Kafin mesa, kafin ruwa. Maza na zaure suna jiran ta ce a shigo. Ni da ke gaba ina da ruwa a hannuna. Ke mi za ki riƙe? Na san aikin da za su ba ki tun su ba su san shi ba. Ni na tsaya a wurin, na san faɗinsa."

Ban zauna ba. Na ce, "To ɗiyar wa za a tura?"

Ban jira shi ba, na ƙara.

"Ɗiyar wani ce za ta shiga, Baba, ko kuma a ci gaba da sallama. Ka zaɓa."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni, ya tashi, ya ɗauki fartanyarsa ya koma kunyar da ya bari. Na zura takardar a aljihun rigarsa da ke rataye, na kama hanyar gida ina kuka ina tuntuɓe. A raina na gama, na rasa aikin, na kuma ɓata wa ubana.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba na ji yana cewa Inna ta ɗauko masa babbar rigarsa. Ya leƙo ya ce in shirya. Muka hau mota zuwa Gusau. Hanyar ranar kamar ba ita na saba bi ba, gonaki kore shar suna wucewa, shanu tsaye cikin raɓa ba sa motsi, gajimare sun sauko ƙasa-ƙasa, ni kuma ina jin kamar ba a zaune nake ba, ɗauke ni aka yi. Da muka shiga ofishin, tsofaffin abokan aikinsa suka taso da ihu.

"Garba manomi! Gero ya kore ka?"

"Ku dai har yanzu ba ku iya naɗe mesa ba, dubi wancan," in ji Baba.

Bai shiga wurin oga ba. Ya wuce wurin tsohuwar motar nan ta kan duwatsu, ya share ƙurar gabanta da hannun riga, ya shimfiɗa takardar. Ya kira Baba Ɗanjimma ya ce ya zo ya zama shaida. Sannan ya juyo gare ni, biro a hannunsa, bai sa ba tukuna.

"Abu biyu. Na ɗaya, kullum za ki fita, ki ɗaura zane a ƙugunki a kan kayan aiki, ki jiƙa shi a mota. Ko sun yi miki dariya."

"To."

"Na biyu, ba ki sallama."

"Baba?"

"In kin isa ƙofa ki wuce. Kada ki ce komai, kada ki jira a amsa. Sallamar ki yi ta bayan kin fito da mutum. Ni na koya miki sallama, ni na ce ki bar ta a wannan wuri. In akwai laifi, a wuyana."

Baba Ɗanjimma ya ce ya ji, ya shaida. Baba ya sa hannu, layin ƙarshe ya karkace, bai ma yi kyan wanda na kwaikwaya ba. Baba Ɗanjimma ya rasu bara, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Yanzu ga abin da ya biya, don ba zan ɓoye muku ba. Daga ranar da na fara fita da mota kakanku bai ƙara samun kwanciyar hankali ba. Mutumin da ya yi shekaru yana shiga wuta bai taɓa ramewa ba, ya rame a gona. Yakan bar aiki ya fito bakin hanya ya tsaya, duk direban da ya taho daga Gusau ya tare shi ya tambaye shi ko ya ji jiniya yau, ta wace unguwa ta bi. Yakan ga hayaƙin masu ƙona shara can nesa ya ajiye lomar da ke hannunsa. Inna ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Damina biyu ya ƙara a duniya. Gwaggonninku sun ga yana ƙarewa suka ce baƙin ciki ne. Tsoro ne, kuma ni na sa masa shi, ya san zai same shi tun kafin ya ɗauki biron. Wannan nawa ne, ba na neman a sauke mini.

Amma akwai rana guda da nake so ku riƙe. Wata na biyar da fara aiki aka kira mu wata unguwa a cikin Gusau, da hantsi, wutar lantarki ta kama ɗakin wata tsohuwa. Muka isa, zaure cike da maza kamar yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Na ji ƙafata tana so ta tsaya, wallahi na ji ta, sallama ta zo har bakina. Na haɗiye ta na wuce. Tsakar gidan hayaƙi ne fari, shiru, kamar an shiga cikin gajimare, ina jin numfashina kawai. Na same ta a banɗaki ta maƙale a lungu da ɗan ƙyalle, ta rantse ba ta fita maza su gan ta. Ban yi musu da ita ba. Na kwance jiƙaƙƙen zanen na naɗe ta, na saɓa ta a kafaɗa, ba ta fi buhun dusa nauyi ba, na fito ina ihu a shigo da ruwa. Na zaunar da ita a gindin bango, tana tari, ana yi mata fifita. Da numfashinta ya dawo ta ɗago ta ƙare mini kallo daga hular kwano har takalmi.

"Ke! Ɗiyar gidan uban wa ce ke, da za ki faɗo wa mutane gida ba ko sallama?"

Na ce, "Salamu alaikum, Hajiya. Ɗiyar Malam Garba ce."

Ranar hutuna na tafi Rawayya. Na same shi a bakin hanya, a tsaye, ya ɗora hannu a goshi yana duba motoci. Tun kafin mu kai gida na ba shi labarin duka. Ya tsaya cak a tsakiyar turba.

"Ba ki yi ba?"

"Sai da na fito."

"Ta rayu?"

"Har da zagi."

Sai ya fara dariya, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba, ya dafa kafaɗata yana yi, hawaye na bin gemunsa, masu wucewa da jakuna suna kallonmu. Da ƙyar ya samu ya yi magana.

"Kin gaya mata sunana?"

"Na gaya mata."

"Kin ce na Rawayya?"

"Ban kai nan ba, tana tari."

"To ki koma ki gaya mata," in ji shi, yana share fuska da bakin riga. "In za ta kawo ƙara, ina gida."